Yadda Kuɗin Haya Ya Raba Mu da Gangare

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sasanta Masu Gida da 'Yan Haya, Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Allah Ya ja zamaninka, Ya taimake ku a kan nauyin da aka ɗora muku.

Ranka ya daɗe, sunana Salihu Garba, amma teloli sun fi sanina da Sale mai gyaran keke. Keken ɗinki nake nufi, ba na hawa ba. Shekarata arba'in da ɗaya, ina da mata ɗaya, Asabe, da 'ya'ya huɗu, kuma mahaifiyata tana hannuna. A Gangare aka yanke mini cibiya, can na yi karatun allo, can na yi elemantare, can na koyi sana'a. Yau kuwa daga Naraguta nake rubuto maka, bayan na ɗaure kaya sau uku cikin shekara huɗu. Na zo ofishinku sau biyar da katin da aka ba ni. Akawunku bai taɓa wulaƙanta ni ba, kullum sai ya ba ni benci, ya ce layi bai zo kaina ba tukuna. Da na ga har an fitar da ni daga gidan da na kawo ƙara a kansa layin bai zo ba, sai na ce bari in bi ta jarida. Ba don in ci mutuncin kowa ba, shi ya sa ma ba zan ambaci sunan mai gida ko ɗaya ba. Mai ɗaki ne ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa nawa yoyon nake so in nuna maka.

Na farko, ina so ka san gidan da muka bari, domin in ba ka san shi ba za ka ɗauka kan bango da rufi nake kuka.

Mahaifina ya zo daga ƙasar Katagum yana saurayi, ya shiga aikin kuza. Da ya ɗan tara abin hannu ya yi aure, sai ya kama ɗaki biyu a wani gidan ƙasa a Gangare, sule goma a wata. Gida ne mai zaure ɗaya, rijiya ɗaya, madafi ɗaya, da bishiyar piya a tsakiya. Magidanta bakwai ne a ciki. Mai gidan wani tsohon Alhaji ne ɗan tireda, yana zaune a gidan da ke jikin namu. A tsawon zamanmu da shi sau uku kacal ya ƙara haya, kuma kowane ƙari sai ya zo da kansa, ya zauna a zaure, ya yi bayani kamar mai neman alfarma. Lokacin da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, naira huɗu muke biya.

Ɗakin da ke kallon namu na Mama Saratu ne, 'yar Birom, Kirista, mai sayar da dankalin turawa da kabeji a kasuwa. Ita da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sun haura shekara talatin suna daka a turmi ɗaya. Da sanyin safiya, ƙofar Inna rana take fara bugawa, nan su biyun suke zama da kaskon wuta a tsakaninsu. In Kirsimeti ta zo, Mama Saratu takan sayo kaji ta kawo wa mahaifina ya yanka, don mu ma mu ci. In Sallah ta zo, kwanonta ake fara cikawa. Hausarta ba ta raba namiji da mace, har yau ina jin muryarta tana ce wa Inna, "Uwar Sale, ka fito, gwate ya nuna." Ita ta karɓi haihuwar 'yata ta fari, Binta, a ranar da ruwan sama ya hana a kai Asabe asibiti. Da mahaifina ya rasu, kwana arba'in ta yi tana dafa mana abinci ba ta je kasuwa yadda ta saba ba.

Daga baya ciwon yanar ido ya rufe wa Inna idanu. Amma a wannan gida ba ta buƙatar ɗan jagora. Ta san taku nawa ne daga ƙofarta zuwa bakin rijiya, ta san inda saiwar piya ta ɗaga ƙasa, ta san kowa da tafiyarsa tun daga zaure. Baƙo ba ya gane ba ta gani sai an faɗa masa.

Na biyu, ba kowane tashi nake kuka da shi ba. Tun ina yaro nake ganin mutane suna barin gidan nan. Wani ya yi ritaya ya koma ƙauyensu noma. Wani an yi masa canjin wurin aiki. Wani iyali sun yi masa yawa, wani Allah Ya buɗa masa ya gina nasa. Duk waɗannan da dariya aka raka su, aka taya su ɗaukar kaya, kuma kowa ya san inda suka nufa. Irin wannan tashi ci gaba ne. Wanda nake magana a kai shi ne wanda mutum bai shirya ba, bai yi laifi ba, bai gaza biyan abin da aka yi alkawari da shi ba, amma a wayi gari a ce kuɗin da yake biya jiya ya zama abin dariya.

Tsohon Alhaji ya rasu shekara huɗu da 'yan watanni da suka wuce, Allah Ya jiƙansa. Aka raba gado, gidanmu ya faɗo wa ɗansa na uku. Lokacin kuma an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya cika da baƙi, ofisoshi suna ƙaruwa, kowa na neman wurin kwana. Mu da ba ma'aikata ba, ƙarin bai shigo aljihunmu ba, amma ya same mu a kasuwa, ya same mu a haya. Magajin ya turo yaronsa da takarda, daga naira huɗu zuwa goma sha biyu. Muka yi shawara muka yarda, muka biya wata biyar. Sai ga wata takardar, cewa za a rushe ginin ƙasa a yi na bulo, kowa ya nemi wuri cikin wata biyu. Dattawan gidan suka je suka same shi. Bai yi musu rashin kunya ba. Cewa ya yi, "Ni ma gado ne ya zo mini da nauyi. Ƙannena mata uku suna kaina. In na gyara wurin nan, mutum biyu za su ba ni abin da ku bakwai ba ku ba ni." Lissafinsa daidai ne, ranka ya daɗe. Amma mu ba a saka mu cikin lissafin ba.

Kowa ya bazama neman ɗaki, kuma ba a fita rana ɗaya ba. Wanda ya samu da safe, da yamma amalanke ya zo. Ranar da muka tashi, Mama Saratu tana kasuwa, ba ta samu wuri ba tukuna. Inna ta ƙi hawa mota, ta ce sai ta dawo. Direban a-kori-kura yana ta matsa oda, yana da wani lodin. Na ce mata gobe zan kawo ta su yi sallama. Ban kawo ta gobe ba, ban kawo ta jibi ba, saboda gyaran sabon wuri da neman abin da za a ci. Da na waiwaya bayan mako biyu, na tarar an kware rufin gidan, an ce ɗan Mama Saratu ya zo ya ɗauke ta. Wasu suka ce Bukuru, wasu suka ce wajen Kabong. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Na uku, Rikkos. Ciki da falo na samu, naira goma sha biyar, kuma sai an biya na wata shida gaba ɗaya. Naira casa'in a dunƙule. A wata mai kyau, abin da nake samu bai wuce naira sittin zuwa saba'in ba. Sai da na sayar da kekunan ɗinki biyu da nake bai wa teloli haya, Asabe kuma ta sayar da tasoshinta na aure. Mu bakwai a ɗaki biyu ƙanana, Inna da yara a falo. Shekara ɗaya da wata biyu muka yi, sai mai gidan ya ce ƙaninsa zai yi aure yana son wurin. Muka fita ba gardama. Bayan wata guda na bi ta layin, na ga wani ma'aikaci da babur a ƙofar, ba ango ba amarya.

Muka koma wani gidan a nan Rikkos ɗin, naira goma sha takwas. Wata goma sha ɗaya, aka ce ashirin da biyar. A lokacin ne na ji an kafa kwamitinku, na zo na shigar da ƙara, na kawo rasiɗaina duka, babu watan da ya tsallake. Da mai gidan ya ji na kai ƙara, bai yi faɗa da ni ba. Kafinta ya turo, ya ce za a gyara rufi. Aka cire kwano huɗu daga saman falo, ana saura kwanaki ruwan farko ya sauka, kafinta ya tafi sayo ƙusa bai dawo ba. Ka san ruwan Jos, har da ƙanƙara yake zuwa. Kwana tara muka yi muna tara robobi, Inna tana zaune a kan buhun gawayi a lungun da ba ya zuba. A rana ta goma na ɗaure kaya. Zuwana na huɗu da na biyar ofishinku duk cikin kwanakin nan tara ne.

Na huɗu, Naraguta, inda muke yanzu. Ɗaki biyu ne a gidan wani dattijo manomi, naira takwas. Duk wanda ya ji sai ya ce na huta. Ga yadda hutun yake. Telolin da nake yi wa aiki suna cikin gari, daga Gangare zuwa bakin kasuwa. Tasi sule uku zuwa, sule uku dawowa, in kuma na ɗauko kan keke sai direba ya ce kuɗin mutum biyu. A wata, mota kaɗai tana cin kusan naira goma sha shida. In ka haɗa da takwas, saura naira ɗaya in cika ashirin da biyar ɗin da na gudo wa. Ga shi babu famfo, babu lantarki. Da can tela zai aiko a kira ni, kafin shayinsa ya huce na iso. Yanzu ba mai jira, rabin masu kawo mini aiki sun koma wajen wasu, kuma ban ga laifinsu ba. Binta tana aji shida muka taso, makarantarta ta yi nisa, ta yi wata uku a gida kafin a samar mata gurbi a nan, jarrabawa ta wuce ta, sai ta maimaita shekara. Bayan gidan kuma akwai kududdufin tsohon ramin kuza, mai zurfin da ba a san ƙarshensa ba. Asabe ba ta iya sa tukunya a wuta hankalinta kwance in ba ta ga ƙananan biyu a gabanta ba.

Inna kuwa, tun da muka bar Gangare ba ta sake tafiya ita kaɗai ba. Gida biyun Rikkos, kowane kafin ƙafarta ta haddace shi an ce a tashi. A Rikkos ta yi tuntuɓe da bakin kwata ta gurɗe, daga nan ta daina gwadawa. Matar da take ɗebo ruwanta da kanta, yanzu sai an riƙe mata hannu zuwa bayan gida. Ba ta ƙorafi. Abin da take yi shi ne, in ta ji na dawo daga gari, sai ta ce, "Ka bi ta wajenmu?" Wajenmu, ranka ya daɗe, bayan shekara huɗu.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wata biyu da suka wuce ta matsa mini in kai ta tsohon gidanmu na Gangare. Ranar wata Juma'a na ɗauki shatar tasi muka je. Layin yana nan, masallacin yana nan, mai shayin kan kwana ya gane muryarta ya taso ya gaishe ta. Gidan ne babu. An yi gini mai kyau, fenti ruwan ƙwai, ƙofar ƙarfe. Na ƙwanƙwasa ina jin nauyi. Wani matashi ya buɗe, akawu ne a wata ma'aikata, baƙo ne a garin. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Ku shigo mana, Baba. Mama, sannu da zuwa." Ya kawo kujera, matarsa ta kawo ruwa. Inna ba ta zauna ba. Ta saki hannuna, ta dafa bango, ta fara taku tana ƙirgawa a hankali. A taku na goma sha ɗaya ta tsaya, ta miƙa hannu. Siminti ne shimfiɗe, an cike rijiyar, an sare piyar. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "To, mu tafi, Sale. Ka yi musu godiya."

Da zai raka mu, matashin nan ya ce mini naira sittin yake biya, rabin albashinsa, kuma an riga an gaya masa sabuwar shekara za a ƙara. Yana neman wuri a bayan gari. Wato wanda aka fitar da mu dominsa, shi ma ƙafarsa ɗaya tana waje. Na rasa wanda zan ji wa haushi.

A hanyar fita muka haɗu da wata tsohuwar maƙwabciya daga gidan baya. Ita ta gaya mana cewa Mama Saratu ta rasu tun kafin azumi, a gidan ɗanta. Ta ce ɗan ya zo unguwar sau biyu lokacin da take jinya, yana tambayar inda Uwar Sale ta koma, don tsohuwar tana ta kiran sunanta. Aka tura shi Rikkos, gidan farko, can aka ce ba a san mu ba. Inna ba ta yi kuka a titi ba. Sai da muka shiga mota ta ce, "Da na sani, ranar nan da na zauna a kan kayan har ta dawo." Tun daga ranar abincinta ya ragu, maganarta ma ta ragu.

Yanzu kuma dattijon da muke gidansa, mutumin kirki ne, ya kira ni ya gaya mini gaskiya. Ɗalibai sun fara yawo suna neman ɗakuna a wannan yanki, ɗansa yana ba shi shawara ya yi filasta ya ba su. Ya ce shi bai yanke ba tukuna, amma kada in ce bai faɗa mini ba. Daga nan ban san inda za mu nufa ba, sai dai bayan duwatsu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo, ni da ire-irena da ba su iya rubutu ba.

A riƙa sauraron ƙarar ɗan haya tun yana cikin gidan. Hukuncin da ya zo bayan an ɗaure kaya ba shi da amfani ga kowa. Kuma duk mai gidan da ya kware rufi ko ya toshe ruwa alhali magana tana gabanku, a ɗauke shi a matsayin wanda ya raina ku, ba mu kaɗai ba.

A hana karɓar kuɗin wata shida ko shekara a dunƙule daga hannun mai ɗaki ɗaya ko biyu. Talaka yana iya biyan wata-wata har ya mutu bai ci kuɗin kowa ba, amma dunƙulen nan shi ke sa shi sayar da abin sana'arsa.

Wanda ya haura shekara goma a gida, kada a ba shi notis ɗin wata biyu kamar wanda ya zo jiya. A ba shi lokacin da zai nemi wuri kusa da sana'arsa da makarantar 'ya'yansa. Ban ce kada mai gida ya gyara gidansa ko ya ci riba ba, dukiyarsa ce. Cewa na yi a sa tsani a ƙarin, yadda mutum zai iya hawa.

Ku kai maganarmu gaba, tun da ana shirin miƙa mulki ga farar hula kuma kowa yana alkawari, a yanka ƙananan filaye kusa da gari, a sayar wa masu sana'ar hannu su biya a hankali. Ko da ƙasa ne mu za mu gina da kanmu.

Na ƙarshe ƙarami ne, ba ya cin kuɗi. A ajiye littafi a wurin kowane mai unguwa, duk wanda zai tashi ya rubuta inda ya koma. Da akwai irin wannan littafi, da tsofaffin nan biyu sun gana.

Kuma ina neman alfarmar wannan fili in yi cigiya. Cikin magidanta bakwai na gidanmu, akwai biyu da har yau ban san inda suke ba, Malam Audu direban tifa da iyalinsa, da Baba Istifanus mai wanki da guga. In Allah Ya sa wani ya karanta musu wannan, ko ɗan marigayiya Saratu ya gani, muna Naraguta, gida na uku bayan injin niƙa, a tambayi mai gyaran keke. Inna tana nan da rai, tana gane murya. Ku yi ƙoƙari ku zo kafin damina ta wuce, don ban san ko za ku same mu a nan bayanta ba.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare ka daga sharrin masu son zuciya, Ya sa ka gama da iyayenka lafiya a cikin gidan da suka sani. Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya rufa wa mai gida da ɗan haya asiri baki ɗaya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Salihu Garba, mai gyaran keken ɗinki,
Naraguta, Jos.